Pande da Ƙafar Hagun Velika

Ni Donka, tun ina da ƙarfina nake dafa abincin biki a ƙauyukan da ke bayan garin Prilep. Wake a kaskon ƙasa, naman rago, ganyen kabeji da aka naɗe shinkafa a ciki, duk bikin da ka je a yankin nan ka ci ka lashe yatsa, to hannuna ne. Ba cika baki ba, je ka tambaya. Na faɗi haka ne don a san na ga masu kiɗa iri-iri, kuma ba kowa ke burge ni ba. Ubana ma makaɗi ne, babbar ganga yake ratayawa, yana dukan gefe ɗaya da sanda mai kauri, ɗaya gefen da 'yar tsumagiya.

Shi ya sa ranar da na fara ganin Pande yana sauke baƙaƙen akwatuna daga wata kwaraɓaɓɓiyar mota a tsakar gidan biki, wai shi ne mai kiɗa, na yi dariya har da riƙe ciki.

Na ce, "Bawan Allah, ina gangar?"

Ya dafa lasifika ya ce, "Tana ciki."

"Mai algaitar fa?"

"Shi ma yana ciki. Ba ya ci, ba ya sha, ba ya kallon matan mutane. Rabonsa na nama ki zuba mini."

Ban gama hararsa ba ya zare wayar firij ɗina ya soka tasa. Ranar duk ƙauyen sai da ya ji muryata. Tun daga nan nake kiransa Mai Akwati, shi kuma yana ce mini Uwar Tukwane, har yau da gashinmu ya yi fari ba wanda ya sauka daga kan bakansa.

Pande ba ɗan gidan makaɗa ba ne. Ba ya waƙa, ba ya busa, rawa kuwa in ya taka sau ɗaya kai da kanka za ka roƙe shi ya zauna. A masana'antar taba ya yi ƙuruciyarsa, aikinsa kula da bel ɗin da ke wucewa da ganye a gaban mata masu tsincewa. Shi ke ƙara masa gudu, shi ke ragewa. Matan da suka yi aiki a can sun ce mini ba ya kallon inji sam, hannuwansu yake kallo. In ya ga yatsu sun fara nauyi sai ya sassauta, in an sha shayi an dawo da ƙarfi sai ya ƙara. Da aka rage ma'aikata aka sallame shi, ya je ya haɗo lasifiku da na'urar sa faifai ya dawo gida. Matarsa ta ce ya haukace, ta yi wata guda ba ta yi masa magana ba.

Lokacin makaɗanmu sun ƙare. Tsofaffin sun mutu, 'ya'yansu sun tafi Jamus da Italiya neman abinci. Biki ya koma hannun yaran nan da ake ce wa DJ, masu hawa kan dandamali su cika mutane da ihu. Su kam ba laifinsu ba ne, ba su san abin da suka ɓata ba. Ana cewa in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, to mu a wajenmu ƙafa ce ke gaba. In an kama hannu an yi dogon layi za a yi rawarmu ta gargajiya, oro, mai jan layi shi ne sarki. Ubana gaban mai ja yake tsayawa, idonsa ƙur a kan takalmin mutum, ba zai saki sanda ba sai ƙafa ta sauka. In tsoho ya ɗaga ƙafa ya tsaya yana tunanin duniya, ganga ma ta tsaya ta jira shi. Faifai fa? Faifai ba shi da ido, gudunsa yake yi ko an bi shi ko ba a bi ba. Sai tsofaffi suka daina tashi, su zauna a bakin tebur suna kallon jikokinsu suna tsalle.

Pande shi ya tashe su. Ba ya hawa dandamali ko an kafa masa. A ƙasa yake ajiye teburinsa, daf da filin rawa, ya zauna a kan 'yar gajeriyar kujera har haɓarsa ta kusa taɓa na'urar. Abin magana yana gefe, ba ya ɗauka sai in an bar mota a bakin ƙofa ana neman mai ita. A jikin na'urar akwai wani ɗan maɓalli da ake turawa gaba ko a ja baya, kiɗa ya yi sauri ko ya lafa. Yatsansa ɗaya yana kansa daga farkon biki har ƙarshe, idonsa a ƙasa. Na daɗe ina zaton kunya ce ke sa shi sunkuyar da kai. Sai wata rana na tsaya a bayansa da tiren nama, na ga wani tsoho mai ciwon gwiwa yana jan layi, kiɗan yana lafawa daidai inda gwiwar ke cizonsa, yana farfaɗowa in ta sake shi. Tsohon bai sani ba, murna yake yi wai ƙafarsa ta dawo. Tsigar jikina ta tashi, na ajiye tiren na koma kicin.

Yana da wata ɗabi'a kuma. Kafin kowane biki sai ya je gidan ya sha kofi. Ba waƙoƙin da ake so yake tambaya ba, cewa yake, "Wa zai ja layi?" In an nuna masa mutum sai ya ƙirƙiro aike, a miƙo masa ruwa, ko a nuna masa inda za a kafa rumfa, shi dai ya ga tafiyar mutum.

To, a zo kan Velika. Ƙawata ce tun muna 'yan mata muna shuka taba. A zamaninmu in Velika ta kama hankici ta ja layi, har masu wanke-wanke fitowa suke da kumfa a hannu. Mijinta ya rasu da wuri, ya bar ta da ɗa guda, Naum. Yaron ya girma ya tafi Italiya aikin gonar inabi, can ya samo mata, wata yarinya mai yawan fara'a, Ornela, da ba ta jin harshenmu in ban da gaisuwa. Aka sa biki da kaka, lokacin gasa tattasai. Sai a cikin sanyin da ya gabata ciwo ya kayar da Velika a bakin murhu, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Ta tashi, don Velika ba ta iya kwanciya ba, amma ƙafar hagun jan ta take yi, hannun ba ƙarfi, bakin ma ya ɗan karkace.

A ƙauyenmu akwai rawar uwar ango. Bayan an dawo daga coci, uwa za ta ɗora rariya a ka da gurasa a ciki, ta dafe da hannun dama, ta riƙe amarya da na hagu, dangi su jeru a baya. Ta zagaya tsakar gida sau uku, ta ƙare a bakin ƙofa, ta gutsura gurasar ta sa wa amarya a baki. Da haka yarinya ke zama 'yar gida. Ba mai yin wannan rawa a madadin uwa sai in uwar tana kabari.

Ina gidan ina lissafin tukwane ranar da Naum ya kawo maganar. Ya durƙusa a gaban uwarsa ya ce, "Inna, don Allah ki zauna a kujera a bakin ƙofa. Gwaggo Luba ta ce za ta ja, ke sai ki ba da gurasar."

Luba ƙanwar marigayin ce, mace mai kirki, ba da mugunta ta yarda ba. Ta ce, "Yaya, don lafiyarki ne. In kin faɗi a gaban baƙi fa?"

Velika ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Maganarta a hankali take fita tun ciwon, amma ba ta rage kaifi ba. Ta ce, "Luba, a bikin marayu ake ba gwaggo rariya. Kun binne ni ne ban sani ba?"

"Haba Inna, wa ya ce haka?"

"To in ban mutu ba, ɗana guda ne, rawata guda ce. Tashi ka ba ni wuri."

Yaron ya fita yana share ido. Tsoro yake ji, ni ma tsoron nake ji, don na ga yadda take haye dokin ƙofa da kyar.

Washegari sai ga Pande ya zo shan kofinsa. Aka zaunar da shi a ƙarƙashin rumfar inabi. Ya kurɓa ya yamutsa fuska ya ce, "Yaya Velika, sukari ya ƙare a gidan nan ne?"

Na ce, "Kai Mai Akwati, ba ka da kunya? Majinyaciya za ka aika? Ƙafarka ta karye ne?"

Velika ta ce, "Ke Donka, rufe mana baki. Baƙona ne." Ta dafa tebur ta miƙe, ta ja ƙafa har kicin ta dawo. Shi kuwa ko kallon sukarin bai yi ba, yatsunsa suna motsi a kan gwiwarsa. Haka ya yi ta zuwa kusan kullum da yamma. Yau gishiri, gobe ashana, jibi ta nuna masa bishiyar da mijinta ya dasa a ƙarshen gida. Ta san abin da yake yi, ya san ta sani, amma ba wanda ya furta.

Ana gobe biki na tare shi a jikin motarsa na ce, "Gaya mini gaskiya, za ta iya?"

Ya ci gaba da naɗe waya a hannu. Can ya ce, "Ƙafarta ta dama tana rawa har yanzu. Ta hagun sai ta yi shawara kafin ta zo. Na'urata tana iya jiran mai jinkiri, Uwar Tukwane, amma ba ta iya jiran wanda ya tsaya cik."

"To in ta tsaya fa?"

"Ke dai je ki jiƙa wakenki."

Ranar biki gari ya yi kyau, rana ba zafi, ganyen taba yana rataye a bango, ƙamshin tattasai ya cika ko'ina. Aka dawo daga coci da la'asar. Dangin amarya sun zo daga Italiya da kaya masu tsada, suna ta ɗaukar hoton komai har da kajin maƙwabta. Ni da kaina na ɗora wa Velika rariya, na ji wuyanta yana rawa a ƙarƙashin hannuna. Ta miƙa wa Ornela hannun nan mara ƙarfi, yarinyar ta riƙe shi da hannu biyu. Naum yana bayan amarya, Luba tana bayansa, sauran jama'a har bakin titi.

Pande ya saki kiɗa. Algaita ta tashi, ganga ta amsa, Velika ta taka. Zagayen farko lafiya lau, ya rage gudun yadda ba mai ganewa sai wanda ya sani. A na biyu ta fara haki, gumi yana bin wuyanta. Na ga yatsan Pande yana ja baya, yana ja baya, har muryar algaitar ta yi kauri ta koma kamar kukan saniya. Wasu 'yan samari suka fara ƙunshe dariya, na ɗaga musu ludayi suka shiga taitayinsu. Maɓallin ya kai ƙarshe, ba sauran inda za a ja shi.

A tsakiyar zagaye na uku, daidai bakin rijiya, ƙafar hagun ta ƙi zuwa. Velika ta ja, ta ƙi. Ta sake ja, ko motsi. Kiɗan ya wuce ya bar ta a tsaye, layin ya cakuɗe a bayanta, rariyar ta karkata har gurasar ta zame gefe. Na ga Luba ta saki hannu ta nufo gaba, Naum yana kiran a kawo kujera. Na ce a raina shi ke nan, sun binne ta.

Sai kiɗa ya ɗauke ɗif.

Wayyo, wanda bai san mu ba ba zai gane nauyin wannan ba. A bikinmu ba a yanke kiɗa a tsakiyar rawa sai in faɗa ya ɓarke ko wani ya faɗi matacce. Tsofaffi suka fara yin alamar gicciye a ƙirji. Pande ya tashi daga 'yar kujerarsa, ya ɗauki abin maganar nan da ba ya taɓawa, ya ratsa fili yana jan waya. Ya ɗaga wa Luba hannu ta tsaya. Ya zo gaban Velika ya durƙusa a ƙasa da wandonsa na biki, ya kafa ido a kan takalminta.

Ya ce, ba ta lasifika ba, da bakinsa kawai, "Yaya Velika, ba sauri muke ba. Waken Donka ko nuna bai yi ba."

Ta ce da kyar, "Ƙarya kake. Tun ɗazu nake jin ƙamshinsa."

"To in kin shirya, ina nan."

Muka tsaya. Ba ka jin komai sai kukan wani jariri can baya. Velika ta gyara rariyar, ta cije leɓe, ta jingina nauyinta a hannun amarya. Ƙafar ta fara jan ƙasa a hankali, a hankali, tana ture 'yan tsakuwoyi, har ta iso ta zauna. A daidai wannan lokacin Pande ya daki kan abin maganar da tafin hannunsa.

Dum!

Manyan lasifikun nan suka amsa har na ji a ƙirjina. Ta ɗaga ta dama ta sauke, ya ƙyasta da farce, tak. Ya ja da baya a kan gwiwoyinsa ya jira. Ta hagu ta sake tahowa, ta daɗe a hanya, bai yi gaggawa ba, hannunsa a sama har ta sauka. Dum! Allah shaida, rabona da jin ganga ta jira mutum tun ubana yana da rai. Ga shi wanda bai taɓa riƙe sanda ba yana yi da tafin hannu da waya. Na tsaya da ludayi a hannu ina kuka kamar yarinya, kuma ban ji kunyar kowa ba.

Layin ya miƙe da kansa. Luba ta koma wurinta ta kama hannun Naum. Mutum sama da ɗari, har da Italiyawan da ba su san hawa ba balle sauka, kowa ya ɗaga ƙafar hagu ya riƙe ta a sama, ba mai saukewa sai ta Velika ta sauka. Samarin da suka yi dariya ɗazu suna ciki, fuskarsu ta canza.

Saura kaɗan a kai ƙofa wayar ta ƙare. Pande ya ja, ta miƙe tsam, ba ta ƙara ko taƙi. Ƙafar Velika kuwa ta riga ta taso. Ya ajiye abin maganar a ƙasa ya buɗe tafukansa zai tafa, amma kafin ya haɗa su ƙafar ta sauka, duk layin ya buga ƙasa tare da ita. Ƙasar gidan ta amsa, ƙura ta tashi, kofuna suka yi ƙara a kan tebur. Ya waiga ya dubi jama'a, ya sauke hannuwansa. Da dugadugan mutane aka kai ta har bakin ƙofa, shi yana gaba a durƙushe yana ja da baya.

Ta sauke rariyar da kanta. Ta gutsura gurasa ta sa wa Ornela a baki. Mata suka saki guɗa. Naum ya rungume uwarsa yana kuka, ta ture shi ta ce ya kawo kujerar yanzu, ai ta gama. Wani tsoho ya lalubo takardar kuɗi zai liƙa wa Pande a goshi yadda ake yi wa makaɗan da, ya kauce ya ce ya ga kamar an bar mota a bakin ƙofa. Ya koma teburinsa da gwiwoyin wando a yage.

Bayan an ci an sha, sai aka zo rawar amarya, inda za ta ja layi karon farko a gidan mijinta. Aka ba Ornela hankici. Pande ya sa kiɗa mai ɗan sauri, irin na 'yan mata. Yarinyar ta taka da dama tsaf, sannan ta tsaya, ta cije leɓe, ta jawo ƙafar hagu a ƙasa a hankali tana ture tsakuwa.

Tirƙashi! Layi ya tsaya cak. Luba ta dafe ƙirji ta ce, "Na shiga uku, kwaikwayon surukarta take yi?" Ni ma jinina ya hau, na fara kwance ɗamarar girki. Naum ya ruga ya yi mata magana da harshen Italiya. Ta dube shi da mamaki, ta amsa, ta nuna hannunta, ta nuna Velika. Hawaye suka cika mata ido da ta ga yadda ake kallonta.

Velika daga kan kujerarta ta ce, "Kai Naum, me ta ce?"

Ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, ba ta sani ba. Ta ce ba ta taɓa ganin rawar ba sai yau. Wai a hannunki ta koya, ta zaci haka ake taka ta. Bari in nuna mata daidai."

Velika ta dubi yarinyar. Sai kafaɗunta suka fara motsi, dariya ta ƙwace mata da karkataccen bakin nan, irin dariyar da ban ji ba tun kafin ta kwanta. Ta share ido da bakin ɗankwali ta ce, "Ba abin da za ka nuna mata. A gidan nan haka ake taka ta."

Ta juya wajen teburin Pande ta ɗaga murya.

"Kai Mai Akwati, ni kake kallo? Ni na gama tawa. Bi ƙafar 'yata."